Kwafin ajiyar Exchange a DAG yana faɗuwa da "Access is denied": wa aka hana shiga, a wace ƙofa?

Tambaya: Muna da sabobin Exchange 2016 (manhajar Microsoft ta sarrafa wasiƙun imel) guda uku a cikin DAG ɗaya, wato rukunin sabobi inda kowane rumbu ke aiki a kan saba ɗaya yana kuma da kwafin ko-ta-kwana a wasu, da rumbunan wasiƙu shida. Kusan shekara biyu kwafin ajiya na dare yana tafiya lafiya. Yanzu wani dare ya gama, wani dare kuma rumbu biyu ko uku su faɗi da saƙon "Access is denied", lamba 0x80070005. Na saka akawun ɗin da manhajar bakof ke amfani da shi a cikin Domain Admins, rukunin masu cikakken iko a domen, babu abin da ya canja. Faifan log kuma, inda Exchange ke rubuta kowane canji kafin ya shiga rumbu, sai cika yake yi. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, sannu da fama. Kafin mu je ko'ina, ka cire akawun ɗin nan daga Domain Admins yau, kada ka bari sai gobe. Ka ga da idonka bai magance komai ba, kuma ka danƙa mabuɗin gidan gaba ɗaya ga manhajar da masu kutse suka fi fara nema idan sun shigo, don su lalata kwafin ajiya kafin su kulle maka fayiloli. Akwai ma abin da ya fi haka: a wuraren da aka tsaurara tsaro, ana sa doka ta hana 'yan Domain Admins gudanar da sabis ko aikin dare a kan sabobin da ba su ne masu riƙe da domen (domain controller) ba. Idan haka aka yi a wurinku, ana kukan targaɗe ne sai ga karaya. Bayan ka cire shi, ka buɗe shafin tsaronsa a Active Directory, kundin akawun na domen, ka duba. Duk akawun ɗin da ya kwana awa guda a wannan rukuni, Windows kan sa masa alamar adminCount ta koma 1, ta kuma yanke masa gadon izini daga sama, kuma ba ta mayarwa da kanta bayan ya fita. Kai za ka mayar da hannu.

Amma gwajin naka bai tafi a banza ba. Ya nuna mana cewa mai yiwuwa ba wannan akawun ɗin ake korowa daga ƙofa ba.

Lambar 0x80070005 ba wani sirri ba ce. Kuskure ne mai lamba 5 na Windows, wato an nemi abu an hana. Ba ta faɗin wanda ya nema, ba ta faɗin abin da ya nema, ba ta faɗin a kan wace saba aka hana shi. A kwafin dare ɗaya na DAG kuwa, masu neman izini sun kai huɗu: akawun ɗin da ka rubuta a manhajar bakof, akawun ɗin ita kanta sabar wanda sunansa ke ƙarewa da alamar dala, Network Service, da rukunin Exchange Trusted Subsystem. Ƙofofin ma da yawa. Wanda ya fara ƙara izini bai gano wa aka hana ba, lalube yake yi cikin duhu.

Sai ka san yadda aikin ke tafiya kafin bincike ya yi ma'ana. Tun daga Exchange 2010 babu wata hanyar kwafe rumbu sai ta VSS, tsarin Windows na ɗaukar hoton faifai. Manhajar bakof ce ke roƙo. VSS ya sanar da marubucin Exchange, wato ɓangaren Exchange da ke shirya rumbu don ɗaukar hoto, marubucin ya tsayar da rubutu a rumbun na 'yan daƙiƙu, a ɗauki hoton, a saki rumbun ya ci gaba da aiki, sannan manhajar ta kwashe fayil ɗin edb da fayilolin log daga cikin hoton a tsanake. Idan ta gama ta dawo ta ce an yi nasara, sai Exchange ya rubuta ranar a kan rumbun ya kuma share tsofaffin log. A 2010 marubutan biyu ne, ɗaya na kwafi mai aiki a cikin Information Store, ɗaya na kwafin ko-ta-kwana a cikin sabis ɗin Replication. Daga 2013 aka haɗe su wuri guda, Microsoft Exchange Writer, yana zaune a cikin Microsoft Exchange Replication. Naka 2016 haka yake.

Ga inda DAG ya bambanta da saba guda. Yawancin manhajoji sun fi son ɗaukar kwafi daga na ko-ta-kwana don kada su takura wa masu aiki. To amma sabar da ke riƙe da na ko-ta-kwana ba ta da ikon cewa an gama. Dole ta yi magana da sabar da rumbun ke aiki a kanta, a farko ta sanar da ita an fara, a ƙarshe ta sanar da ita an gama, can ne ake rubuta ranar, can ne ake yanke hukuncin share log. Ke nan aikin da ka gani yana gudana a saba ta uku yana iya faɗuwa saboda ƙofar da ke rufe a saba ta ɗaya. Rumbun kuma ba ya zama wuri guda. Yau yana nan, gobe ya yi ƙaura.

Wannan ƙaurar ce nake zargi, saboda kalmarka ta "wani dare ya gama, wani dare ya faɗi". Izinin da ya ɓace gaba ɗaya kullum yake faɗuwa. Wanda ke faɗuwa yau ya tashi gobe, yawanci saba ɗaya ce daga cikin ukun ta bambanta da 'yan'uwanta, sai ranar da aiki ya biyo ta kanta a ji ƙara. Don haka aikin farko na takarda da biro ne. Ka ɗauki dararen mako biyu da suka wuce, ka ja layi huɗu: kwanan wata, rumbun da ya faɗi, sabar da yake aiki a kanta a daren, da sabar da aka ɗauki kwafin daga gare ta. Na yanzu za ka gani da wannan:

Get-MailboxDatabaseCopyStatus *

Na baya kuma rahoton manhajar bakof da rajistar HighAvailability a Event Viewer za su nuna maka. Idan a irin wurarenmu kake, inda wuta kan ɗauke janareta ya ɗauki lokaci kafin ya karɓa, ka haɗa da ranakun da wata saba ta mutu ta tashi. Sau da yawa za ka tarar rumbunan sun koma wata saba tun ranar da batirin UPS ya gaza, babu wanda ya lura saboda wasiƙu ba su tsaya ba. Aikin DAG ke nan ai.

Na taɓa cin karo da irin wannan a wata ma'aikata. Kwana uku ana ta ƙara wa akawun ɗin bakof izini, har da wanda bai kamata ba. Da muka ja layukan nan sai abin ya fito fili: duk rumbun da aka kwafa daga saba ta biyu shi ke faɗuwa, sauran lafiya lau. Ashe ƙaramar manhajar da ke kan kowace saba tana gudana ne a matsayin LocalSystem, akawun ɗin Windows na cikin sabar, kuma LocalSystem idan ya fita hanyar sadarwa ba da sunan kowa yake fita ba sai da sunan sabar. Foldar da ake zuba kwafin a cikinta, wanda ya kafa ta ya ba kowace saba izini da sunanta, saba ta biyu kuma an sake gina ta daga baya da sabon akawun, babu wanda ya koma ya ƙara ta. Gyaran bai kai minti biyu ba. Muka yi rukuni guda, muka zuba sabobin uku a ciki, muka ba rukunin izini a kan foldar ta ɓangaren tarayya da ta ɓangaren NTFS, don su biyun ne ke haɗuwa, kuma wanda ya fi tsauri shi ke cin nasara. Ka duba wannan tun da wuri, arha ne.

Bari in tsaya kan faifan log, don shi ne zai iya kwantar maka da ofis kafin ka gama bincike. Kowane fayil ɗin log megabait 1 ne, kuma ba sa tafiya sai an yi cikakken kwafi ko kwafin ƙari da ya kai ƙarshe. Idan faifan ya cika rumbun zai sauka, wasiƙu su tsaya. Kada ka share su da hannu. Na san hannu na ƙaiƙayi idan aka ga fayil dubu ɗari biyu, amma wanda ya share log ɗin da rumbu bai gama shigarwa ba, ko wanda wani kwafi bai karɓa ba tukuna, ya sayi wahalar da ta fi wadda yake ciki. Hanya mai tsabta ita ce ka sa Windows Server Backup a kan sabar da rumbun ke aiki, ka ɗauki faifan da rumbun da log suke, ka tabbata ka zaɓi VSS Full Backup ba Copy ba, don Copy ba ya share komai. Idan wuri ya ƙure har ba ka da lokacin wannan, ka kunna log mai zagayawa na ɗan lokaci:

Set-MailboxDatabase DB01 -CircularLoggingEnabled $true

A rumbun da ke da kwafi fiye da ɗaya ba sai an sauke shi ba. Sai dai ka sani daga wannan lokacin sarƙar kwafin ƙari ta tsinke, don haka ranar da ka kashe shi sai ka yi cikakken kwafi sabo. Kuma ka duba ko akwai kwafin rumbu na ko-ta-kwana da ke Suspended ko Failed. Muddin wani kwafi bai karɓi log ba, Exchange zai riƙe masa su ko da bakof ya yi nasara sau goma. Mutane kan ɗora wa bakof laifin da ba nasa ba a nan.

Yanzu a raba matsalar gida biyu. Ka shiga sabar da takardarka ta nuna, ka buɗe Command Prompt da ikon admin, ka rubuta:

vssadmin list writers

Idan ba da ikon admin ka buɗe ba, shi ma zai ce maka ba ka da izini, kada ka ɗauka ka gano matsalar. Ka nemi Microsoft Exchange Writer. Lafiyayye yana nuna Stable da No error. Idan yana nuna Failed ko Retryable error, ka tuna wannan tabon faɗuwar jiya ne, ba lallai shi ne dalilinta ba. Sake kunna sabis ɗin Microsoft Exchange Replication yana wanke shi, kuma a 2016 ba ya sauke rumbuna, ko da yake na fi son a yi shi lokacin da mutane suka tashi, tunda Active Manager, mai yanke hukuncin sabar da kowane rumbu zai yi aiki a kanta, a cikinsa yake. Bayan nan ka gwada ɗaukar hoto ba tare da manhajar bakof ɗinku ba. Microsoft na da rubutaccen umarni mai suna VSSTester a cikin tarin CSS-Exchange, yana amfani da diskshadow ya ɗauki hoton rumbun da ka zaɓa, ya kuma tattara maka rajista. Gargaɗi ɗaya: Exchange yana ɗaukar wannan gwajin a matsayin cikakken kwafi, zai share log. Idan ya wuce, ka bi shi da cikakken kwafi na gaskiya da zarar ka samu hali.

Idan gwajin nan ya wuce lafiya, Exchange da VSS ba su da laifi, matsalar tana tsakanin manhajar bakof da sabar, ko tsakanin sabar da ma'ajiya. Idan ya faɗi, matsalar cikin gida ce, kuma kiran kamfanin manhajar ɓata lokaci ne.

Mu fara da cikin gida. Ka buɗe rajistar Application daidai mintin da aikin ya faɗi, ba awa guda kafin nan ba. VSS kan rubuta 8193 ko 8194 tare da wannan lamba taka. Na 8194 yana ambaton IVssWriterCallback, ma'anarsa wani marubuci ya yi ƙoƙarin komawa ya yi magana da manhajar da ta yi roƙo ta hanyar COM, hanyar da manhajojin Windows ke magana da juna, aka hana shi. Ka karanta ƙasan saƙon, yana faɗin sunan marubucin. In System Writer ne, wanda ke gudana da Network Service, gyaransa a dcomcnfg yake, a shafin COM Security, ka ba Network Service izinin Local Access. Akwai kuma maɓallin rajista VssAccessControl a ƙarƙashin sabis ɗin VSS, inda ake rubuta sunan akawun da ƙima 1 don a bar shi ya yi hulɗa da VSS. Amma kada ka ruɗe: kukan System Writer ba kukan marubucin Exchange ba ne. Haka ma CAPI2 mai lamba 513, wanda ke cewa an kasa kwafe Link-Layer Discovery Protocol saboda an hana izini. Yana fitowa a sabobi da yawa duk dare, yana ɗauke da kalmar da kake nema, kuma ba shi da alaƙa da rumbun wasiƙu. Na ga wanda ya ƙarar da yini guda a kansa.

Abin da ya shafe ka shi ne abin da MSExchangeRepl (sabis ɗin Replication) da ESE (injin rumbun Exchange) suka rubuta. Idan ESE ya rubuta 490 cewa ya kasa buɗe fayil, tare da lamba -1032, ka dubi kuskuren Windows da ke tsakiyar saƙon. Idan 5 ne, izini ne na gaske: ka duba foldar rumbun da ta log, SYSTEM da Administrators su kasance da cikakken iko. Wannan kan lalace idan an canja faifai aka haɗa sabo a matsayin folda, ko wani ya kwafo foldar daga wani wuri da izininta na can. Idan kuwa 32 ne, ba izini ba ne sam, wani ne ya riƙe fayil ɗin, kuma galibi manhajar kashe bairos ce da ba a ware mata foldojin Exchange ba, ko an ware a sabobi biyu an manta ta uku. Umarnin fltmc zai jera maka direbobin da ke zaune tsakanin Exchange da faifai. Ka gwada shi a sabobin uku ka kwatanta.

Sai maganar da sabobin ke yi a tsakaninsu, wadda a ganina nan ce mutane suka fi tsallakewa. Sabis ɗin Replication yana gudana a matsayin LocalSystem, don haka idan saba ta uku ta kira ta ɗaya, da akawun ɗinta na kwamfuta take zuwa. Abin da ke buɗe mata ƙofa shi ne kasancewarta cikin Exchange Trusted Subsystem da Exchange Servers, da kuma kasancewar Exchange Trusted Subsystem cikin rukunin Administrators na kowace saba. A kowace saba ka rubuta:

net localgroup administrators

Idan babu Exchange Trusted Subsystem a ɗaya daga ciki, ka kama ɓarawon. Wanda ya cire shi kusan kullum dokar Group Policy ce ta Restricted Groups, wadda masu tsaro suka ɗora don tsaftace rukunin admin. Wannan doka ba ƙari take yi ba, share jerin take yi ta rubuta nata. In ka mayar da hannu, za ta sake cirewa, sai a gyara ita dokar. Ka fitar da rahoto da gpresult /h a kowace saba ka ga wace doka ta hau kan wace. Ka duba har da haƙƙin "Access this computer from the network", wanda shi ma akan rage shi a irin wannan tsaftacewa. Kuma idan ka ƙara saba cikin wani rukuni, ba za ta san da sabon matsayinta ba sai ta sake tashi, ko ka zubar da tikitinta na Kerberos, tsarin tantance masu shiga na domen, da klist -li 0x3e7 purge. Da yawa sun yi gyaran daidai, suka gwada nan take bai yi ba, suka warware shi.

Test-ReplicationHealth a kowace saba zai nuna maka ko kulastan kansa, wato haɗin sabobin da DAG ke zaune a kai, lafiya yake. In akwai fayawol tsakanin sabobin, musamman idan ɗaya tana wani gari, a tabbata tasha 135 da zangon 49152 zuwa 65535 na RPC, hanyar da saba ke kiran saba, a buɗe suke, ban da 64327 ta jigilar log da 3343 ta kulasta. Sai dai toshewar tasha ta fi kawo saƙon RPC ba ya samuwa, ba saƙon hana izini ba, don haka ban sa ta a gaba ba.

In kuma gwajin VSSTester ya wuce, ka koma rajistar Security ta sabar, ka nemi 4625 a mintin faɗuwar. Wannan shi ne shaidar da ta fi kowace gaskiya, don yana faɗin sunan akawun, da inda ya fito, da dalili. 0xC000006A kalmar sirri ce ba daidai ba. 0xC0000071 ta ƙare. 0xC0000234 an kulle akawun. 0xC0000072 an kashe shi. 0xC000015B kuwa shi ne mai ban haushi: suna daidai, kalmar sirri daidai, amma ba a ba shi irin wannan shigar ba, wato babu Log on as a service ko Log on as a batch job, ko kuma yana cikin wani rukuni da aka hana. Hani kullum yana rinjayar izini. Kullewa ma tana iya bayyana maka abin da ya sa wani dare ake gamawa wani ba a gamawa: an canja kalmar sirri an manta wuri ɗaya da tsohuwar take, wurin ya yi ta bugawa har akawun ya kulle, bayan rabin awa ya buɗe da kansa, da safe ka zo ka same shi garau. Lamba 4740 a kan mai riƙe da domen za ta faɗa maka daga wace kwamfuta bugun ya fito.

Abu biyu na Kerberos. Idan an rubuta sabar a manhajar bakof da adireshin IP maimakon cikakken suna, shigar kan koma NTLM, tsohuwar hanyar tantancewa, kuma idan an saka akawun ɗin cikin Protected Users ko an taƙaita NTLM, ƙofa ta rufe. Sannan agogo: bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin saba da mai riƙe da domen yana karya Kerberos. Sabar da ta mutu ta tashi da agogon da ya kauce, w32tm /query /status zai tona ta.

Akwai batun sunan DAG ɗin kansa. Tun Exchange 2013 SP1 a kan Windows Server 2012 R2 ana iya kafa DAG marar adireshi, kuma a 2016 shi ne zaɓin asali. Irin wannan ba shi da akawun a Active Directory, ba shi da suna a DNS, adireshinsa yana nuna 255.255.255.255. Tsofaffin manhajojin bakof da suka saba kiran DAG da sunansa sukan rikice a nan. Tunda naka ya yi shekara biyu yana aiki, na fi zaton mai adireshi ne, to ka duba akawun ɗin kwamfuta mai sunan DAG ɗin. Masu share tsofaffin akawun sukan gan shi su ɗauka mataccen abu ne, su kashe shi ko su kai shi wani sashe inda izini ya bambanta. Wasiƙu za su ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru, don Exchange bai dogara da sunan ba wajen hidimar mutane, amma duk manhajar da ke shiga ta wannan suna za a koro ta. Rajistar FailoverClustering kan nuna 1207 ko 1069. A kunna akawun ɗin, sannan a yi Repair a kan sunan kulastan.

Ka tambayi kanka kuma me aka sabunta a makon da abin ya fara. Microsoft ya tsaurara DCOM, wato COM na tsakanin kwamfutoci, a matakai: ya fito a Yunin 2021 a kashe, aka kunna shi a Yunin 2022, daga Maris 2023 babu damar kashe shi. Tsohuwar manhajar bakof ko sabar da ta daɗe ba a sabunta ta ba, idan ta kira sabar da aka sabunta, sai a hana ta, kuma rajistar System ta rubuta 10036 da sunan akawun da adireshin da ya fito. Maganinsa sabunta mai kiran ne. Bayan raunin ProxyNotShell na ƙarshen 2022, an shawarci masu kula da Exchange su kashe PowerShell na nesa ga waɗanda ba admin ba, wasu suka yi shara ɗaya har da akawun ɗin bakof. Ka duba da:

Get-User akawun | fl RemotePowerShellEnabled

Manhajoji da yawa ta nan suke tambayar Exchange jerin rumbuna da inda kowanne yake. A nan ne kuma za ka gane abin da ya sa Domain Admins bai taimaka ba: Exchange yana da nasa tsarin matsayi, kuma zama babba a domen ba ya ba ka kujera a cikinsa. Get-ManagementRoleAssignment -RoleAssignee zai nuna abin da akawun ɗin ke da shi. Wasu kamfanoni suna neman Organization Management, wasu Server Management ya ishe su, ka bi takardar manhajarku ka ba da mafi ƙanƙanta da ta yarda da shi, tare da zama admin na gida a sabobin uku, ba biyu ba. Extended Protection, ƙarin tsaron shiga da ya zo da sabuntawar Agustan 2022, ya fi taɓa dawo da wasiƙa ɗaya ɗaya ta EWS, ƙofar Exchange ta yanar gizo, inda ake ganin 401, don haka ba shi ne na farko a zargina ba.

Idan duk wannan bai fito da shi ba, akwai Process Monitor na Sysinternals. Ka kunna shi a sabar da ake zargi, ka tace ya nuna sakamakon ACCESS DENIED kaɗai, ka ƙara layin da ke nuna mai amfani, ka sa a riƙa zubar da abin da aka tace don kada ya cinye ƙwaƙwalwar sabar, sannan ka tayar da bakof na rumbu ɗaya da hannu. Zai nuna maka manhaja, akawun, da fayil ko maɓallin rajistar da aka hana, a layi guda. Kada ka bar shi yana gudana a sabar wasiƙu fiye da mintunan gwajin.

Ranar da ka yi gyara, koren alama a manhajar bakof bai isa shaida ba. Ka tambayi Exchange da bakinsa:

Get-MailboxDatabase -Status | fl Name,LastFullBackup,BackupInProgress

Ranar ta zama ta yau, MSExchangeRepl ya rubuta 2046, ESE ya rubuta 224 cewa yana share log. In 225 ka gani, kwafi ya yi amma babu log ɗin da aka iya sharewa, sai ka koma kan lafiyar kwafin ko-ta-kwana. Idan BackupInProgress ya maƙale a True alhali babu aikin da ke gudana, sake kunna Replication a sabar da aka yi kwafin kan sake shi. Sannan ka ɗauki rumbu ɗaya ƙarami ka zagaya da shi da Move-ActiveMailboxDatabase, saba ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kana yin bakof a kowane zango, don matsalarka tun farko ta ƙaura ce. Ka kuma dawo da kwafi ɗaya cikin rumbun farfaɗowa ka buɗe akwatin wani ka ga wasiƙu da idonka.

Wani abu a gefe: tallafin Exchange 2016 da 2019 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, wanda ya gaje su shi ne Exchange Server SE. Ba shi ya jawo maka wannan kuskure ba, amma ka fara yi wa shugabanninka maganar kasafin ƙaura, don kamfanonin bakof ma sukan janye tallafi daga abin da mai shi ya saki.

In ka ja layukan nan huɗu ka ga saba ɗaya ce ke maimaituwa, ka turo mini abin da net localgroup administrators ya nuna a sabobin uku, da cikakken rubutun 4625 ko 8194 na mintin faɗuwar, bayan ka goge sunayen sabobi da na domen ɗinku.